Izinin Aiki A Kanada Ba Tare Da LMIA Ba: Gaskiyar Magana Da Abin Da 'Yan Konekshan Ke Ɓoyewa

Duk wanda ke leƙa majalisun matasa a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san cewa hirar tafiya Kanada ta zama ruwan dare. A cikin wannan hira akwai wasu haruffa huɗu da suka kama bakin kowa, wato LMIA. Tallace-tallace na ta yawo a WhatsApp da Facebook ana cewa ga aiki a Kanada, babu LMIA, ka biya kaza ka tafi cikin wata kaza. Iyaye na kwashe adashi, wasu na sayar da fili ko jinginar da shago, domin a miƙa wa ɗan konekshan kuɗin da sau tari ba a sake ganinsu.

Abin tambaya a nan shi ne, shin da gaske ana samun izinin aiki a Kanada ba tare da wannan takarda ba? Amsa ita ce e, ana samu, hasali ma mafi yawan izinin aikin da ƙasar ke bayarwa ba ya bi ta kan LMIA. Sai dai kuma wani hanzari ba gudu ba, wannan sassauci ba haja ba ne da wani zai sayar maka. Doka ta ɗaura shi ne a kan wane ne kai: fasfon da kake riƙe da shi, ko harshen da kake ji, ko karatun da ka yi, ko kamfanin da kake wa aiki. Wanda bai cika ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko nawa ya biya, takardar banza ya saya.

MECE CE LMIA?

Kusan kowace ƙasa mai arziki tana da hanyar da take kare guraben aiki domin 'ya'yanta. A Kanada, hanyar ita ce a tilasta wa mai kamfani ya nuna hujjar cewa ya nemi ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da zai yi aikin, bai samu ba. Zai buga tallar aikin na tsawon makonni, ciki har da shafin neman aiki na gwamnati, ya nuna waɗanda suka nema da dalilin da ya sa bai ɗauke su ba, ya kuma yi alkawarin biyan albashin da aka saba biya a wannan sana'a a wannan yanki. Idan ma'aikatar ƙwadago ta gamsu, sai ta ba shi takardar amincewa. Wannan takarda ita ce LMIA, wato gwajin tasirin ɗaukar baƙo a kan kasuwar ƙwadago.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, takardar ta mai kamfani ce, shi ke nema, shi kuma doka ta ɗora wa biyan kuɗinta, dalar Kanada 1,000 a kan kowane gurbi, kuma haramun ne ya karɓi wannan kuɗi daga hannun ma'aikaci. Na biyu, samun LMIA ba shi ne samun biza ba. Bayan ta fito, ma'aikacin zai shigar da tasa buƙatar a ma'aikatar shige da fice, inda wani jami'i dabam zai duba ko ya cancanta.

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali ne a watan Yunin 2014, lokacin da gwamnatin Stephen Harper, ta hannun ministan ƙwadago Jason Kenney, ta raba shirin ma'aikata baƙi gida biyu, bayan ce-ce-ku-ce da aka yi kan zargin wasu kamfanoni da fifita baƙi masu arha a kan 'yan ƙasa. Gida na farko shi ne wanda sai da LMIA, aka kuma ɗaga kuɗinta daga dala 275 zuwa 1,000. Gida na biyu shi ne wanda aka yafe wa gwajin, kuma a kansa ne maganarmu take.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Kanada ba ta yafe gwajin don tausayi ba. Ta yafe shi ne a wuraren da ta ga ita ce ke da riba: ko dai akwai yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka da wata ƙasa, ko baƙon zai kawo wani amfani na tattalin arziki ko al'ada, ko kuwa mutum ne da ya riga ya shigo ta wata halattacciyar hanya, kamar ɗalibi. Idan aka fahimci wannan, za a ga cewa ƙofofin ƙidayayyu ne, kuma kowace da mabuɗinta.

Ƙofa ta farko ita ce ta yarjejeniyar ciniki. 'Yan Amurka da Meziko masu sana'o'i sama da 60 na iya samun izini ba tare da gwaji ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen uku da ta fara aiki a 2020, haka ma wasu ƙwararru daga Tarayyar Turai tun 2017. Babu wata ƙasar Afirka da ke da irin wannan yarjejeniya da Kanada. Haka nan shirin musayar matasa, wanda ke bai wa samari da 'yan mata na ƙasashe sama da 30 damar zuwa su yi aiki na ɗan lokaci, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsa. Ɗan zangon da aka haifa a Landan yake riƙe da fasfon Birtaniya zai iya shiga idan shekarunsa na tsakanin 18 da 35, amma ɗan baffansa da ke Nima da fasfon Ghana ba shi da wannan dama, ko da kuwa ya fi shi ilimi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta canjin wurin aiki a cikin kamfani ɗaya. Idan kamfanin da kake wa aiki yana da reshe na gaskiya a Kanada, zai iya tura ka can, da sharaɗin ka yi masa aiki na cikakken lokaci har shekara guda a cikin shekaru uku da suka wuce, kuma kai babban manaja ne ko mai wata ƙwarewa ta musamman a harkar kamfanin. A watan Oktoban 2024 an ƙara tsaurara ƙa'idojin wannan hanya, saboda masu buɗe kamfanin jeka-na-yi-ka don kawai su tura kansu.

Ƙofa ta uku ita ce ta ɗaliban da suka kammala karatu a wata makarantar gaba da sakandare da gwamnatin Kanada ta amince da ita. Waɗannan na iya samun buɗaɗɗen izinin aiki har na shekara uku, gwargwadon tsawon karatunsu. Akwai kuma mata ko mazan wasu ɗalibai da wasu ma'aikata. Sannan akwai ma'aikatan addini: limamin da wani masallaci ya gayyata domin jan salla da wa'azi da nasiha yana cikin waɗanda doka ta sauƙaƙa wa, ko da yake shi ma sai ya nemi bizar shiga, kuma sai masallacin ya kasance na gaskiya, aikin ma na gaskiya.

ƘOFAR FARANSANCI

A cikin dukkan ƙofofin nan, wadda ta fi kusa da hannun mutanenmu ita ce wadda 'yan konekshan ba su cika ambata ba, domin babu abin da za su sayar a cikinta. Kanada ƙasa ce mai harsunan gwamnati biyu, Ingilishi da Faransanci, kuma ta daɗe tana damuwa da yadda kason masu jin Faransanci ke raguwa a wajen lardin Kwibek. Saboda haka a watan Yunin 2016 ta buɗe shirin da ake kira Mobilité Francophone, wanda ya bai wa duk wani mai kamfani a wajen Kwibek damar ɗaukar baƙo mai jin Faransanci ba tare da LMIA ba.

Da farko shirin na manyan ƙwararru ne. Amma tun watan Yunin 2023 aka sauke matakin harshen da ake buƙata zuwa na 5 a ma'aunin Kanada mai matakai 12, a fannin magana da saurare kawai, aka kuma faɗaɗa shi ya haɗa da kusan kowace irin sana'a, in ban da ƙananan ayyukan gona. Ba a duba ƙasar da mutum ya fito. Ba ma dole ba ne aikin ya kasance da Faransanci za a yi shi. Makanike ko direba ko mai dafa abinci da ya samu mai ɗaukarsa a Otawa ko Winifeg ko Kalgari zai iya shiga, muddin ya kawo sakamakon jarrabawar TEF ko TCF, ko shaidar cewa ya yi karatu da Faransanci.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Gidaje da yawa a zangunanmu suna da dangi a Nijar da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, akwai yaran da suka yi makaranta a Lome ko Yamai ko Wagadugu, akwai 'yan kasuwar da ke ciniki da Faransanci a kan iyakar Aflao ko Paga ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba. Hausawan Kamaru da Chadi kuwa ba a magana. Ghana ita kanta ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Oktoban 2024, kuma cibiyar Alliance Française na koyar da harshen a Akra da Kumasi. Bugu da ƙari, wanda ya dage ya kai mataki na 7 a magana da saurare da karatu da rubutu yana iya shiga rukunin musamman na neman zama na dindindin, wanda Kanada ta ware wa masu jin Faransanci tun 2023. Gwamnatin ta sa wa kanta burin cewa a 2025 kashi 8.5 cikin ɗari na sababbin mazauna dindindin a wajen Kwibek su kasance masu jin Faransanci, alhali a 2022 kashi 4.4 ne aka cim ma. A lokacin da ake rage sauran hanyoyi, wannan ita ce ake faɗaɗawa.

Sai dai kada murna ta yi yawa. Shirin ya ɗauke wa mai kamfani wahalar gwaji ne kawai, bai ɗauke wa ma'aikaci wahalar neman aiki ba. Dole sai an samu kamfani na gaskiya da zai shigar da tayin aikin ta shafin gwamnati, ya biya dala 230 daga aljihunsa, ya ba ma'aikacin lambar tayin. Shi kuma ma'aikacin zai biya dala 155 na izini da dala 85 na ɗaukar hoton yatsu, ya yi gwajin lafiya inda ake buƙata, ya nuna cewa zai iya aikin, ya kuma gamsar da jami'in biza cewa zai bar ƙasar idan wa'adinsa ya cika. Duk wanda ya kwatanta waɗannan kuɗaɗe da dubban dalolin da 'yan konekshan ke nema, zai gane inda gizo ke saƙa.

ƘOFOFIN DA AKA RUFE

Babbar matsalar da ake fama da ita ita ce, da yawa daga cikin labaran da ke yawo a tsakaninmu tsofaffi ne. Wani ya tafi a 2022 ya dace, sai ƙannensa su ɗauka hanyar tana nan yadda ya bar ta. Alhali tun daga farkon 2024 iska ta juya. Tsadar gidajen haya da cunkoson asibitoci sun sa jama'ar Kanada sun fara ƙorafi, gwamnati kuma ta yi alkawarin rage yawan baƙi masu zaman wucin gadi zuwa kashi 5 cikin ɗari na al'ummar ƙasar.

A watan Janairun 2024 ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sa iyaka ga yawan bizar ɗalibai. Kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna, ban da kuɗin makaranta, ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635, daga baya a watan Satumban 2025 ya kai 22,895. A ranar 28 ga Agustan 2024 aka soke sassaucin da aka yi tun lokacin annobar korona, wanda ya bai wa mai bizar ziyara damar neman izinin aiki yana cikin ƙasar. Wannan batu yana da muhimmanci, domin har gobe akwai masu cewa ka shiga da bizar ziyara kawai, in ka isa za a juya maka ita. Daga 1 ga Nuwamban 2024, ɗalibin da ya kammala sai ya ci jarrabawar harshe kafin a ba shi izinin aiki, kuma ga wanda ya yi difloma, sai fannin karatunsa ya kasance cikin waɗanda ƙasar ke buƙata. A watan Disamban 2024 aka hana dabarar zuwa kan iyakar Amurka a juyo domin a karɓi izini nan take. A ranar 21 ga Janairun 2025 aka taƙaita buɗaɗɗen izinin ma'aurata, ya koma na matan ko mazan masu digiri na biyu mai tsawon aƙalla wata 16, da masu digirin digirgir, da wasu zaɓaɓɓun fannoni da sana'o'i.

Ita ma LMIA ɗin ba ta tsira ba. Tun Satumban 2024 ba a karɓar buƙatar ƙananan ayyuka a manyan biranen da rashin aikin yi ya kai kashi 6 cikin ɗari, in ban da wasu fannoni kamar noma da gine-gine da kiwon lafiya. Sannan a ranar 25 ga Maris na 2025 aka cire makin da tayin aiki ke ƙara wa mai neman zama na dindindin, maki 50 ko 200, kuma gwamnati ta fito fili ta ce ta yi hakan ne domin ta kashe kasuwar masu saye da sayar da LMIA. Ke nan wanda ya sayi takardar a yau ya karya doka, kuma bai samu ribar da ake kwaɗaita masa ba.

GANI GA WANE

Akwai darasi babba a abin da ya faru a Birtaniya, inda 'yan'uwanmu da dama ke zaune. Ƙasar ta soke nata gwajin kasuwar ƙwadago baki ɗaya a watan Disamban 2020, wanda a dā ke tilasta tallata aiki na kwana 28. A watan Fabrairun 2022 ta buɗe hanya ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Dubban mutane daga Ghana da Nijeriya da Zimbabuwe da Indiya suka tafi, da yawansu bayan sun biya dillalai maƙudan kuɗi domin takardar ɗaukar nauyi, wasu suka isa suka tarar babu aikin, ko sa'o'in da ake ba su ba su isa biyan haya ba. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 gwamnati ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A watan Maris na 2024 aka hana su zuwa da iyali, a ranar 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje.

Abin da wannan ke nuna mana shi ne, cire gwaji bai cire sarƙar da ke ɗaure ma'aikaci da mai gidansa ba. A Kanada ma haka abin yake. Izinin da ake samu ta hanyar Faransanci ko ta canjin wurin aiki yana ɗauke da sunan kamfani ɗaya, kuma idan aka sallami mutum ba shi da ikon kama aiki a wani wuri sai ya samu sabon izini. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya ziyarci Kanada a 2023, ya kuma yi kakkausar suka ga irin wannan izini mai ɗaure ma'aikaci da kamfani guda, yana mai cewa yana buɗe ƙofar zalunci. Tun 2019 akwai buɗaɗɗen izini na musamman ga ma'aikacin da ya nuna ana cin zalinsa, amma wanda ya san da ƙarya ya shigo, da wuya ya iya kai ƙara. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa mai niyyar tafiya ya yi ita ce: izinin nan buɗaɗɗe ne ko ɗaurarre, wa'adinsa nawa, kuma ina ya nufa bayan ya ƙare?

INA MAFITA?

Shawara ta farko ga iyaye da masu unguwanni da limamanmu ita ce, duk wanda ya zo da maganar aiki babu LMIA, a tambaye shi ta wace ƙofa. Kowane sassauci yana da dalilinsa a doka, kuma yaron da za a tura ya kamata ya iya faɗin nasa da bakinsa. Idan ba ya jin Faransanci, bai yi karatu a Kanada ba, ba ya aiki da kamfani mai reshe a can, ba shi da mata ko miji a can, to babu ƙofar da ake magana.

Ta biyu, dokar Kanada ta yarda ne kawai lauya ko mataimakin lauya mai lasisi, ko notare na Kwibek, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar CICC su karɓi kuɗi domin cike wa mutum takardu, kuma sunayen masu rajistar suna nan a intanet kowa zai iya dubawa kyauta. Babu wani daga cikinsu da ke da ikon ba da tabbacin biza. Ta uku, duk abin da aka rubuta da sunanka kai ke da alhakinsa. Idan dillali ya cusa takardar banki ta jabu ko shaidar aikin da ba ka yi ba, kai za a haramta wa shiga ƙasar har shekara biyar, shi kuwa yana nan yana neman wani.

Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su bar Ghana, sun san abin da zama a ƙasa ba tare da ingantacciyar takarda ba ke jawowa. Bai kamata jikokinsu su sayar da gadon gida domin su je su faɗa irin wannan hali a ƙasar sanyi ba. Kuɗin da ake miƙa wa ɗan konekshan ya isa ya biya wa yaro shekara guda ta koyon Faransanci da kuɗin jarrabawa da takardar shaidar sana'a, har a samu canji. Idan tafiyar ta yiwu, ya tafi da mutuncinsa. Idan ba ta yiwu ba, harshen da sana'ar na nan tare da shi, kuma ƙasashe uku da ke kewaye da mu duk da wannan harshe suke ciniki. Ƙungiyoyin matasan zango da makarantun Islamiyya da ke da azuzuwan da ba kowa da yamma suna iya fara wannan aiki tun yanzu. Allah Ya sa mu dace.